Bayani Ga Masu Motoci: Rangwamen Inshora, da Yadda Za a Riƙe Shi In An Ajiye Mota

 

A wannan fili yau za mu ɗan ajiye farashin gero da dawa, mu yi magana a kan wani kuɗi da yake zubewa daga aljihun mutane ba su ji ƙararsa ba. Watau rangwamen da kamfanin inshora yake yi wa mai mota wanda ya shekara bai nemi diyya ba. Mutum yakan tara shi shekara biyar, sa'an nan ya sayar da motar ko ya jingine ta, ya bar inshora ta mutu. Ran da ya koma ofis da sabuwar mota, sai akawu ya duba littafi ya ce, "Alhaji, ai sai dai a fara daga farko." To, wannan bayani domin kada a faɗa maka haka ne.

Mene ne wannan rangwame?

Ku 'yan kasuwa kun san shi tun kafin a zo da inshora. Mai sayen kaya da ya shekara biyar yana ɗauka yana biya, bai taɓa kawo rigima ba, ba a yi masa farashin baƙo. To, haka kamfanin inshora yake yi. Kowace shekara ka cika ba ka sa ya fitar da kuɗi ba, sai ya rage maka wani kashi daga kuɗin shekara mai zuwa. Shekara ta biyu ragin ya ƙaru, ta uku ya ƙaru, har ya kai inda ba ya wucewa. A takardun kamfani za ka ga an taƙaita sunansa da haruffan boko uku, NCD, wasu kuma su rubuta NCB. In ba ka karanta boko, ka sa yaro ya nemo maka waɗannan haruffa a takardar sabuntawa, ya faɗa maka adadin da ke gabansu.

Kamfani ba don alheri yake yin haka ba. Lissafi ne. Wanda ya shekara biyar bai yi karo ba, an fi kyautata zaton ba zai yi a ta shida ba, kuma kamfani ba ya son irin wannan mutum ya koma wani wuri. Sa'an nan wanda ya san yana da rangwame a ajiye ba zai riƙa kawo ƙananan ƙorafi ba, kamar fitila ta fashe ko madubi ya karye.

Al'adar daga Ingila ta zo mana, kamar yadda ita kanta sana'ar inshora ta zo. Kamfanin Royal Exchange ya buɗe reshe a Ikko a 1921, kuma dokar da ta fara tilasta wa masu motoci yin inshora a Nijeriya an yi ta a 1945.

Abu biyu za ka riƙe tun daga nan. Na farko, rangwame na mutum ne, ba na mota ba. In ka sayar da mota, ba ya bin ta zuwa gidan mai saye, yana nan da sunanka. Na biyu, abin da ake dubawa shi ne ko kamfani ya biya kuɗi saboda kai. Ana iya buge ka kana tsaye, wanda ya buge ka ya gudu, kamfaninka ya gyara maka mota bai sami wanda zai karɓi kuɗinsa a hannunsa ba. Ba ka yi laifi ba, amma rangwamenka ya taɓu.

Inshora iri biyu ce

Akwai ƙaramar inshora, wadda doka ta tilasta. Ita tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne kawai, jikinsa ko dukiyarsa, ba ta gyara taka motar. Hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a Nijeriya, watau NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ce ta yanke kuɗinta. Daga 1 ga Janairu 2023 farashin ya zama haka:

Motar gida, N15,000, tana biyan ɓarnar dukiya har N3,000,000.
Motar da ɗan kasuwa yake ɗaukar kayan kansa, N20,000, har N5,000,000.
Babbar motar dako, N100,000, har N5,000,000.
Adaidaita sahu, N5,000, har N2,000,000.
Babur, N3,000, har N1,000,000.

Kafin nan motar gida N5,000 ce. Wannan farashi yankakke ne, ba a tayawa, ba a sallamawa. Saboda haka duk wanda ya ce zai yi maka ƙaramar inshora ƙasa da haka domin kai tsohon mai hulɗa ne, ka duba takardarsa da kyau. Araha ba ta ado. Kuma daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka tsananta binciken wannan takarda a kan hanya.

Sa'an nan akwai cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa ɓarnar wani da taka motar, da gobara, da sata. Ita ana yanka kuɗinta bisa darajar mota, kashi kaza cikin 100. A nan ne rangwame yake aiki, a nan ne kuma ake hasara in ya zube. Amma fa akwai iyaka. A wannan sanarwa da ta fara aiki a 2023 hukuma ta ce kuɗin cikakkiyar inshora ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota ba, bayan an cire kowane irin ragi. Watau mota ta N10,000,000, komai kyawun tarihin mai ita, ba za a sauko masa ƙasa da N500,000 ba. In tun farko kashi 5 aka yanka maka, babu sauran wurin ragi. In kuwa an yanka maka sama da haka, kamar yadda akan yi wa motocin haya da na dako, to rangwame shi ne tsanin da za ka sauko da shi.

Abin da yake kawo giɓi

Ba ganganci ne yake sa yawancin 'yan kasuwa su bar inshora ta yanke ba, yanayin sana'a ne. Kaka ta yi, hatsi ya faɗi a Dawanau, mutum ya sayar da mota ya zuba kuɗin a buhu, da niyyar in bazara ta yi ya fitar ya sayi wata. Wani injinsa ya buga, mota ta kwana wata shida a gareji ana neman kayan gyara daga Ƙofar Ruwa zuwa Panteka. Wani ya tafi Makka ko Dubai ko Sin ya daɗe. Wani kuwa hanya ce ta rufe masa. Kun tuna an rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, ba a buɗe su Illela da Maigatari ba sai Disamba 2020. An sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Motocin dako nawa suka tsaya a lokacin? Ga kuma janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, da lita ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa wajen N500 cikin 'yan kwanaki, mutane da yawa suka lulluɓe motocinsu suka koma babur.

Duk wanda ya shiga irin wannan hali, abin da zai fara faɗa shi ne, motar da ba ta tafiya me za ta yi da inshora? Magana ce mai ma'ana. Sai dai kafin ka bar ta ta mutu, ka san kwana nawa rangwamenka zai jira ka.

Wa'adin jira

Rangwame ba ya mutuwa ran da inshora ta ƙare, amma kuma ba ya zama har abada. Kowace ƙasa da al'adarta. Za mu kawo uku, domin akwai 'yan'uwanmu da 'ya'yanmu da suke zaune can ko suke hulɗa da su, kuma domin ka san irin tambayar da za ka yi wa naka kamfanin.

A Ingila ba doka ce ta yanke wa'adi ba, kamfanoni ne. Mafi yawansu suna karɓar shaidar rangwame in ba ta wuce shekara 2 daga ranar da inshorar ƙarshe ta ƙare ba. Kaɗan daga ciki sukan kai shekara 3. In ta wuce haka, mutum ya koma sifiri, ko da ya shekara 20 yana tuƙi. Kuma can in ka nemi diyya sau ɗaya, akasari ba a share maka duka ba, shekara 2 ake zabge maka, mai shekara 5 ya koma 3.

A Indiya, inda ake ƙera yawancin adaidaita sahu da baburan da muke hawa, abin a rubuce yake, kuma ya fi tsanani. Matakalar ita ce kashi 20 bayan shekara ta farko, sai 25, sai 35, sai 45, sai 50 bayan ta biyar. In inshora ta ƙare ba ka sabunta cikin kwana 90 ba, rangwame ya zube gaba ɗaya. Amma in sayar da motar ka yi, ka karɓi takardar ajiyar rangwame daga kamfani, to tana aiki har shekara 3. Ku duba wannan bambanci da kyau. Mutum biyu sun rabu da inshora rana ɗaya. Wanda ya je ya karɓi takarda yana da shekara 3, wanda ya yi shiru yana da wata 3.

A Faransa doka ce ta tsara shi. Kowace shekara ba haɗari ana rage kashi 5 daga abin da ya rage, sai an shekara 13 kafin a kai rabi. Haɗarin da kai ne da laifi yana ƙara maka kashi 25. In inshora ta yanke, matakin da ka kai yana nan naka, sai dai ba a ƙara maka na wannan shekara in yankewar ta wuce wata 3. Duk da haka, wanda ya kasa nuna ya yi inshora a cikin shekara 3 da suka wuce, kamfani yana da ikon ɗora masa ƙari irin na sabon direba.

A nan gida, maganar tana cikin sharuɗɗan kowane kamfani da abin da kuka yi da shi a rubuce. Saboda haka kada ka ɗauki wa'adin Ingila ka ce shi ne naka, kada kuma ka dogara da abin da aka yi wa maƙwabcinka na rumfa. Ka tambayi naka kamfanin, ya ba ka amsa a takarda.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta shafi kowa. Tun 1 ga Janairu 2013 aka tsananta cewa in ba a biya kuɗi ba, babu inshora. A da mutum yakan ce wa wakilin kamfani, "Sabunta mini, in kaya sun fita zan aiko." Yanzu wannan alkawari ba ya tsare ka. Ranar da kuɗi suka shiga, ranar inshora ta fara, kwanakin da ke tsakani kuwa giɓi ne. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi su ma suna ƙarƙashin irin wannan ƙa'ida tun 2011.

Mu yi lissafi

Wannan misali ne kawai, ba farashin wani kamfani ba ne. Mu ƙaddara motarka ta kai N10,000,000, kamfani ya yanka maka kashi 10, watau N1,000,000 a shekara. Mu ari matakalar Indiya domin sauƙin lissafi, mu kuma ƙaddara darajar motar ba ta canja ba. Ka kai matakin ƙarshe, kana biyan N500,000. Sai rangwame ya zube.

Shekara ta 1 za ka biya N1,000,000, hasara N500,000.
Shekara ta 2 za ka biya N800,000, hasara N300,000.
Shekara ta 3 za ka biya N750,000, hasara N250,000.
Shekara ta 4 za ka biya N650,000, hasara N150,000.
Shekara ta 5 za ka biya N550,000, hasara N50,000.

Jimla N1,250,000. Mutane sukan dubi shekarar farko kawai su ce ai dubu ɗari biyar ne. A'a, sai ka sake hawa tsanin tun daga ƙasa, kowane mataki kuma da kuɗinsa. Ka auna wannan kuɗi da buhunan masara a farashin da muka buga a wannan fitowa, ka ga ko abin da za a bari saboda ƙyuyar zuwa ofis ne.

Abin da za ka yi kafin inshora ta yanke

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin duk ana yinsa ne tun inshora tana da rai, lokacin da kamfani yake ganinka a matsayin nasa.

Na farko, ka karɓi takardar shaidar rangwame. Ta kasance a kan takarda mai ɗauke da sunan kamfani, da hatimi, da sa hannu. Ta faɗi sunanka daidai yadda yake a lasinka, da lambar inshora, da lambar mota, da yawan shekarun da ka yi ba neman diyya, da ranar da inshorar ta ƙare. Wannan rana ita ce mafi muhimmanci, domin daga ita ake fara ƙidayar wa'adi. Ka ajiye takardar inda kake ajiye takardun rumfa da na fili, ka kuma ɗauki hotonta a waya. Kamfanoni sukan haɗe, wasu sukan rufe, akawun da ya san ka yakan bar aiki. Takardar hannunka ita ce ba ta mantuwa.

Na biyu, ka yi tambaya uku, a amsa maka a rubuce. In na dawo bayan wata nawa za ku mayar mini da rangwamena? In na dawo da wata mota dabam, yana bina? In na sauko zuwa ƙaramar inshora na ɗan lokaci, shekarun nan za ku ƙidaya su, ko kuwa za ku tsayar da lissafi?

Na uku, ka duba watan da kake ciki. Shekara cikakkiya ake ƙidayawa, wata 12 na boko. Wanda ya soke inshora a wata na 10 ya yi hasarar shekarar duka. In cinikin motar zai iya jira wata biyu, bari ya jira. In kuwa musanya za ka yi, ka sayar ka sayi wata nan da nan, kada ka soke komai, ka ce kamfani ya mayar da inshorar kan sabuwar motar, ka cika abin da ya ƙaru. Ta haka babu giɓi ko na kwana ɗaya. Amma fa kada ka bar inshorarka a kan motar da ka riga ka sallama wai don shekara ta cika. Motar da ba taka ba, ba ka da hakkin inshora a kanta, kuma in mai saye ya yi ɓarna sunanka ne a takarda.

Na huɗu, in ajiye motar za ka yi ba sayarwa ba, ka tambayi inshorar ajiya. Kamfanoni da yawa suna yarda a sauke inshora zuwa gobara da sata kaɗai muddin mota ba ta hawa titi, kuɗinta kuma bai kai na cikakkiya ba. Amfaninta biyu. Sunanka bai fita daga littafi ba, kuma motar da ke kwance a gareji ko bakin kasuwa ba ta fi ƙarfin wuta ko ɓarawo ba. Ku da kuke Sabon Gari da Kantin Kwari ba sai an ba ku labarin gobara ba. Sai dai ka sani, ran da za ka tayar da ita, ko da zuwa wurin makaniki ne, sai ka mayar da inshorar hanya tukuna.

In giɓin ya riga ya faru

Kada ka ce shi ke nan. Ka fara komawa tsohon kamfaninka, domin tarihinka yana wurinsu, kuma sun fi kowa sauƙin yi maka sassauci. Ka tafi da hujjar dalilin yankewa: takardar cinikin mota, ko rasidin gareji, ko fasfo mai hatimin fita da shiga. In ka yi tuƙi a wannan tsakani da motar wani kamfani ko ta maigidanka, ka karɓo wasiƙa mai cewa ka yi tuƙi daga rana kaza zuwa rana kaza ba haɗari. Ba dole ne a karɓe ta a matsayin rangwame ba, amma takan sa a sauko maka da farashi. In sun ƙi, ka zaga kamfani biyu ko uku, yadda kake zaga rumfuna kafin ka sari kaya.

In kuma ka ga wa'adi ya kusa cika, ga shi ba ka tashi sayen babbar mota ba, ka yi lissafi. Wani lokaci yin inshora a kan ƙaramar motar gida kafin ranar ta wuce ya fi barin rangwamen shekara biyar ya zube. Amma ka tabbata kamfani ya yarda zai ɗora rangwamen a kanta, ya kuma yarda ya mayar da shi kan babbar in ta zo.

Abu ɗaya muke gargaɗi a kai. Kada ka ƙara shekaru a baki, kada ka ɓoye haɗarin da ka yi, kada ka bari wani ya gyara maka kwanan wata a takarda. Inshora a kan gaskiyar bayani aka gina ta. Kamfani yakan karɓi kuɗinka yau bai ce komai ba, sai ran da motar ta kife da kaya ka zo neman diyya, sa'an nan a buɗe fayil a bincika. In aka sami ƙarya, ana iya soke inshorar a hana ka ko kwabo. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Waɗansu mas'aloli da akan tambaya

In ka ce, ina da mota uku, rangwamena ya game su duka? Sai mu ce a'a. A bisa al'ada kowace mota da nata take tarawa. Mai motoci da yawa gara ya nemi a haɗa masa su a inshora ɗaya, a yanka masa farashi bisa tarihinsu gaba ɗaya.

In ka ce, direbana ne yake tuƙi, wa ke da rangwame? Sai mu ce wanda sunansa yake kan inshora. Direba ya yi karo, naka ne ya taɓu. Direba ya shekara goma lafiya, kai ne ka ci riba. Saboda haka direban kirki ya cancanci a riƙa tunawa da shi ran sabuntawa, in kuma zai tafi a ba shi wasiƙar shaida.

In ka ce, rangwamen motar gida zai koma kan a-kori-kura ko babbar mota? Sai mu ce ba kullum ba. Motar gida da motar kasuwanci aji dabam-dabam ne a wurin kamfani, sai ka tambaya kafin ka saya.

In ka ce, an ɗan goge mini mota, in nemi diyya ko in gyara da kaina? Sai mu ce ka yi lissafi. A cikakkiyar inshora akwai kason farko na kowace ɓarna da mai mota yake ɗauka da kansa. A ce gyara N120,000 ne, kasonka N50,000, abin da kamfani zai ba ka N70,000 ke nan. In karɓar wannan zai jawo maka ƙarin N200,000 a shekara mai zuwa, ai ka sayar da sa ka sayi akuya. Amma ko ba za ka nemi diyya ba, ka sanar da kamfani abin da ya faru, musamman in akwai wani a ciki, domin sharaɗi ne, kuma wanda ya ce ya yafe yau yana iya dawowa gobe da lauya.

In ka ce, na shekara shida ina karɓar takardar inshora a bakin ofishin lasin, shekarun nan sun shiga lissafi? Sai mu ce, in takardar ta gaskiya ce akwai tarihi, in ta 'yan baranda ce babu komai, domin babu kamfanin da ya san da kai. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayani mai suna NIID, inda ake sa lambar mota a ga ko inshorarta tana ciki. Ka sa a duba maka tun kana tsaye a wurin, kafin ka bar mai takardar ya ɓace.

Ga masu takaful

Da yawa daga cikinmu ba su natsu da inshora irin ta Turawa ba, ƙarama kaɗai suke yi saboda dole. To, akwai takaful, watau tsarin taimakon juna bisa shari'a, wanda aka fara kafa kamfaninsa a Sudan a 1979. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. A wannan tsari kuɗin da kuka zuba gudummawa ce a asusu ɗaya, daga ciki ake biyan wanda tsautsayi ya faɗa wa. In shekara ta ƙare aka sami rara, ana raba ta, kuma akasari waɗanda ba su karɓi diyya ba su ne suke samu. Ka ga a nan ma zama lafiya yana da lada. In za ka tashi daga inshora zuwa takaful, ko daga takaful zuwa wani kamfani, ka tafi da takardar shaidarka, kuma ka sa sabuwar ta fara ran da tsohuwar ta ƙare.

Kalma ga dillalan motoci

Ku ne kuke tsaye tsakanin mai sayarwa da mai saye, kuma a hannunku yawancin wannan hasara take aukuwa, ba da nufinku ba. Ran ciniki hankalin kowa yana kan kuɗi da la'ada da makulli. Mai sayarwa ya miƙa takardun mota duka a leda ɗaya, har da ta inshora, ya tafi. Da za ku ce masa, "Alhaji, ka biya ta kamfani ka karɓi shaidar rangwamenka," ku ce wa mai saye, "Wannan inshora ba taka ba ce, ka yi taka kafin ka hau titi," da kun tsare mutum biyu da magana ɗaya. Wanda kuka tsare wa miliyan guda kuwa, in ya tashi sayen wata motar, wurinku zai dawo. Haka kuma in za ku haɗa mutum da dillalin inshora, ku haɗa shi da mai lasin hukuma, wanda yake da ofis da za a same shi gobe.

A taƙaice, ka rubuta ranar ƙarewar inshorarka a bangon littafin bashi, inda idonka yake faɗawa kullum. Saura wata guda ka je ofis, ko sabuntawa za ka yi ko ajiyewa. In ajiyewa ce, kada ka fito sai da takarda mai hatimi da amsar wa'adi a rubuce. In kamfani ya hana ka shaidar da take hakkinka, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, ka rubuta musu.

Allah ya tsare hanya, ya kiyaye dukiya, ya sa albarka a ciniki. Haza wassalamu.